Bayani A Kan Gyaran Gidan Haya: A Fara Tambayar Kasuwar Garin

 Yau ba farashin gero ko na riɗi na kawo muku ba, wannan yana nan a gurbinsa kamar kullum. Magana ce a kan gidan haya. Dalili kuwa, tun da aka yi kaka mutum uku suka same ni a rumfa da tambaya iri ɗaya. Kowannensu ya sami 'yan kuɗi a hannu, kowanne kuma yana da tsohon gida mai ɗakuna da yawa, wani na gado, wani na saye, yana so ya gyara ya zuba 'yan haya. Tambayarsu ita ce, nawa gyaran zai ci? Na ce musu sun kama zancen ta wutsiya. Abin da za a fara tambaya shi ne, wa zai shiga gidan, kuma nawa ke cikin aljihunsa?

To, ku saurara. Mu 'yan hatsi mun san wani abu guda. In ka kai buhu Gujungu ran Lahadi ka tarar kasuwa ta faɗi, ba a tilasta maka sayarwa. Sai ka ɗinke bakin buhunka, ka jira Alhamis ka gwada Maigatari, ko ka sa a mota a wuce da shi Dawanau. Gida kuwa ba ya hawa mota. Inda aka kafa shi nan zai ci kasuwarsa har ya rushe. Simintin da ka shafa a bango ba ka kankare shi ka mayar wa mai shago. Saboda haka wanda zai gyara gidan haya ya fi mai sayen hatsi bukatar sanin kasuwa, domin shi in ya yi kuskure ba shi da wata kasuwa ta biyu.

Kuma ku riƙe wannan: kuɗin haya ba tsadar siminti ke yanke shi ba, aljihun ɗan haya ke yanke shi. A farkon 2024 buhun siminti ya haura naira dubu goma a wurare da yawa. Shin malamin firamare ya sami ƙarin albashi a wannan wata? Bai samu ba. Mafi ƙarancin albashi yana nan a naira dubu 30 tun 2019, sai a watan Yuli na 2024 aka sa hannu a dokar da ta kai shi dubu 70, kafin kuma ƙarin ya shiga hannun ma'aikaci abinci da kuɗin mota sun riga sun cinye shi. Mai gida yana lissafi da abin da ya kashe, ɗan haya yana lissafi da abin da ya rage masa bayan awo. In lissafin biyu ya saɓa, na ɗan haya ne ke tsayawa, gama shi yana iya tafiya, gidan kuwa ba ya iya binsa.

Mu mutanen Gagarawa ba mu bukatar a je nesa a nemo mana misali. Me ya sa muke da Gagarawa Gari, muke da Gagarawa Tasha? Jirgin ƙasa ne ya haifi Tasha. A 1930 layin dogo daga Kano ya kai Nguru, ya bi ta Ringim da Taura da nan wurinmu ya wuce Malam Madori. Gyaɗar ƙasar Gumel nan ake tara ta a auna a loda. Mahaifina yakan ba mu labari, ya ce a lokacin cinikin gyaɗa ko zaure ne da kai kusa da tasha ba ya kwana ba mutum, ga akawu, ga 'yan dako, ga masu abinci. Sa'an nan aka yi farin 1973, cutar gyaɗa ta biyo baya a 1975, a 1986 kuma gwamnati ta rushe hukumomin sayen amfanin gona. Kaya suka koma kan kwalta, jirgi ya ja baya. Gidajen suna nan inda suke, baƙin ne suka tafi. Watau gida ba ya jawo mutane, abin neman abinci ke jawo su, gida sai dai ya tare su.

Saboda haka abu na farko, ka zauna ka ƙidaya irin mutanen da ke kama haya a garin da gidanka yake. A ƙasarmu ɗan gari ba ya cika kama haya ba. Saurayi in zai yi aure sai a yanka masa sashe a gidan ubansa. Mai haya baƙo ne, kuma baƙin kowane gari da irinsu.

Gumel ita ce fadar masarauta, can ne Kwalejin Ilimi ta Jihar Jigawa take, ga babban asibiti, ga ofisoshi. Nan za ka sami ɗalibai masu son ɗaki ɗaya su haɗu biyu ko uku su biya, ka sami malamai da ma'aikatan asibiti masu iyali waɗanda ke neman ciki da falo. Amma ɗalibi yana tafiya hutu, yana gama karatu ya tafi ɗungum, kuma in gidan ya yi nisa da makaranta ba zai zo ba ko da araha.

Maigatari kuwa kasuwa ce da bakin iyaka. Mai kawo shanu ko raƙuma daga Nijar, da wanda ya zo daga kudu don ya loda tirela, ba hayar shekara suke nema ba, wurin kwana biyu suke nema da inda za su ajiye kaya. Sau da yawa a can ɗakin da aka mayar sito, aka zuba buhunan zoɓo ko riɗi, ya fi wanda aka sa wa labule kawo kuɗi. Akwai kuma ma'aikatan kwastan da na shige da fice, su kuwa canjin wurin aiki ke kawo su, shi ke ɗauke su.

Gagarawa da Sule Tankarkar hedikwatar ƙananan hukumomi ne, saboda haka 'yan hayarsu ba su wuce ma'aikatan sakatariya, da malaman makaranta, da na asibiti, da 'yan sanda, da 'yan bautar ƙasa masu shekara guda. To, a nan sai ka bincika da kyau. Da yawa daga ma'aikatan nan iyalinsu na Gumel ko ƙauyensu, da safe su hau babur su zo, da la'asar su koma. Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023 zirga-zirga ta yi tsada, waɗansu sun fara neman ɗakin da za su riƙa kwana daga Litinin zuwa Alhamis. Irin wannan mutum ɗaki ɗaya mai araha yake so, ba ruwansa da falo. Kada kuma ka manta da babban abokin gasarka a ƙaramin gari, watau ɗakin kyauta. In aka turo malami ƙauye, sau da yawa dagaci ko wani mai hali ke ba shi masauki don girmama baƙo. Wanda ya sami wannan ba zai biya ka ba, ko da ka shafe bangonka da zinariya.

Abu na biyu, ka ci kasuwar haya da ƙafarka kamar yadda kake cin ta hatsi. In za ka sayi gero ba ka tsayawa a kan maganar dillali ɗaya, sai ka zaga, ka cusa hannu cikin buhu, ka ga ko akwai tsakuwa a ƙasa. Haka za ka yi a nan. Ka shiga gidajen haya biyar ko goma na unguwar. Ka ƙidaya ɗakunan da ke da mutum da waɗanda aka garƙame da kwaɗo, ka tambayi tun yaushe suke a rufe. Ƙofar da gara ta fara ci daga ƙasa, ko yanar gizo ta rufe kwaɗonta, ta ba ka amsa tun kafin kowa ya buɗe baki. In a gidaje goma ka tarar da ɗakuna da yawa ba kowa, to garin ba ya ƙishirwar ɗaki, sai ka yi hattara. In kuwa ko'ina a cike yake, har ana yi wa mai gida kamun ƙafa tun kafin wani ya tashi, to kasuwa tana kira.

Wajen tambayar kuɗi, ka sani akwai farashi uku: wanda mai gida ke faɗi, da wanda aka yi ciniki a kai, da wanda ke shiga hannu a ƙarshen shekara. Mai gida yakan ƙara don kada a raina gidansa. Dillali yakan ƙara domin la'adarsa a kan kuɗin take, kuma yana so ka yi gyaran ya sami abin nunawa. Ɗan haya ne zai gaya maka gaskiya, musamman in ka same shi a wurin mai shayi ba a gaban mai gidansa ba. Ka tambaye shi nawa yake biya, a wata ne ko a shekara, ana binsa bashin wata nawa, me ya fi damunsa a gidan, kuma in aka gyara wannan abin nawa zai iya ƙarawa. Ka je wurin mai unguwa, domin shi ya san baƙon da ya shigo da wanda ya fita. Ka tambayi masu tura ruwa a kura, su ne suka san gidan da ke cike da wanda ya zama kango, tun da kullum suna ƙofar kowa.

Ka lura kuma da lokacin da kuɗi ke zuwa hannun mutanenka. Mai albashi ƙarshen wata ne, in albashin ya makara kai ma ka makara. Mai harkar gona sai kaka. Ɗan kasuwa ranar kasuwa. Wanda ya ce lalle sai an ba shi kuɗin shekara a dunƙule a garin da mutane ke samu kaɗan-kaɗan, ɗakinsa zai daɗe yana jiran mai shi.

Abu na uku, ka san abin da 'yan haya ke biya dominsa. Gidan da iyali huɗu ko biyar ke zaune, rigimarsa ba ta wuce abu uku: ruwa, da banɗaki, da sirri. Maza da safe suke fita, mata ke wuni a tsakar gida, saboda haka su suka san ciwon gidan, kuma sau da yawa matar ce ke cewa a tashi ko a zauna. Ka aiki uwargidanka ko 'yar'uwarka ta shiga ta ji daga bakinsu. Za ta dawo ta gaya maka cewa masai ɗaya ga mutum ashirin shi ne tushen faɗa, cewa ba wurin girki sai a ƙofar ɗakin wata, cewa ruwan wanka ba shi da hanyar fita sai ya kwanta sauro ya taru. Ba za ka ji an ambaci tayil ba.

Sa'an nan ka zaɓi irin mutanen da za ka tara tun kafin magini ya ɗora bulo. Ba a haɗa gwauraye da matan aure a tsakar gida ɗaya. In na samari ne da ma'aikata marasa iyali, ɗakuna a jere sun isa. In na masu iyali ne, sai an ja 'yar katanga kowa ya sami sashensa, a yi zauren da baƙo namiji zai tsaya. In gidan yana bakin titi, ka duba ko ɗakunan gaba za su fi amfani in an fasa musu ƙofa ta waje an mayar da su shaguna.

Shi kansa ginin, kada ka duba shi da rani kaɗai. Da rani kowane gida lafiyayye ne. Ka je cikin watan Agusta bayan an ɗauke ruwan sama, ka ga inda kwano ke yoyo, inda indararo ke zubarwa a gindin bango, inda ruwan unguwa ke taruwa. Wanda ya ga ambaliyar 2022 a Jigawa ya san gidan ƙasa ba daga sama yake fara mutuwa ba, daga gindi ne. In tushen ya jiƙe ya ruɓe, fenti a kansa kamar sabon buhu ne a kan hatsin da ƙwari suka cinye.

Abu na huɗu shi ne lissafi. Ga misali, lambobin nan na ƙaga su ne don a gane hanya, kowa ya sa na garinsa. A ce gida mai ɗaki goma, shida ke da mutane, kowanne yana biyan naira dubu 30 a shekara. Abin da ke shigowa dubu 180 ke nan. Hanya ta farko, ka yi gyaran larura: ka canja kwanon da ya huje, ka haƙa masai na biyu, ka gyara rijiya da magudana, ka sa ƙofofi masu ƙarfi, duka ya ci dubu 900. Ɗaki tara suka cika a kan dubu 40, ya zama dubu 360. Ƙarin da gyaran ya kawo dubu 180 ne, cikin shekara biyar kuɗinka ya dawo. Hanya ta biyu, ka yi gyaran ƙawa: tayil, da silin, da fenti mai sheƙi, ya ci miliyan uku. Ka sa ɗaki dubu 60, amma mutum biyar kaɗai ke iya biya a garin, ya zama dubu 300. Ƙarin dubu 120 ne kacal, sai shekara 25 kuɗinka zai dawo, kafin nan tayil ɗin ya farfashe. Kun ga wanda ya kashe kuɗi kaɗan ya fi samun haya, domin ya sayar wa garin abin da garin ke iya saye.

Kada ka yi lissafi da ɗaki goma cike wata goma sha biyu, wannan mafarki ne. Ka cire na ɗakin da zai zauna ba kowa, da na wanda zai gudu da bashi, da na kwashe masai da ƙananan gyare-gyare na kowace shekara. Abin da ya rage shi ne naka. Sa'an nan ka auna shi da abin da kuɗin nan zai yi in ya zauna a sana'arka. Ban ce hatsi ba ya faɗuwa ba. Waɗanda suka cika sito da tsada a 2024 sun ji a jikinsu da farashi ya karye a 2025. Amfanin gida shi ne ba ya yin ƙwari kuma ba ya karyewa dare ɗaya, aibinsa kuwa shi ne jinkiri. Saboda haka ba a gyaran gidan haya da uwar kuɗin kasuwa, ba a kuma yinsa da bashin da ke da wa'adi. Da rarar da ba ka bukata bana ko baɗi ake yi.

Abu na biyar, ka tambayi kanka: abin da ke kawo baƙi garin nan, in ya tsaya fa? A watan Agusta na 2019 gwamnati ta rufe iyakokin ƙasa, ba a buɗe ta Maigatari ba sai a watan Disamba na 2020. Bayan juyin mulkin Nijar na watan Yuli 2023 aka sake rufewa har watan Maris na 2024. Duk mai masauki ko sito a Maigatari ya san yadda waɗannan watanni suka kasance. Gidan da dukan 'yan hayarsa daga ƙofa ɗaya suke cin abinci, ranar da aka rufe ƙofar nan gaba ɗaya za su kasa biya. Gara ka gauraya, malami ɗaya, ma'aikacin asibiti ɗaya, mai shago ɗaya.

Yanzu bari in faɗi nawa, domin kada a ce mai wa'azin bai taɓa tuntuɓe ba. Shekarun baya labari ya cika garinmu cewa wani babban aiki na zuwa, za a ɗauki ma'aikata, baƙi za su rasa wurin kwana. Ina da gida mai ɗaki takwas da muka gada, na biya 'yan'uwa rabonsu. Akwai mutum biyar a ciki, suna biya ba gardama. Sai kwaɗayi ya kama ni. Na sallame su duka, na sayar da geron da na tanada don bazara, na sa tayil da silin, na ninka kuɗin ɗaki ina jiran manyan baƙi. Ban tambayi kowa yaushe za a fara aikin ba, ban tambaya ko masu aikin za su gina wa mutanensu gidaje ba. Cinikin biri a sama na yi. Gidan ya shekara biyu da mutum ɗaya a ciki. Bazarar nan gero ya yi kuɗi ina kallo, ba ni da ko tiya ta sayarwa. Daga baya da kaina na bi tsofaffin 'yan hayata ina ba su haƙuri, biyu suka dawo a kan kusan tsohon farashi. Ɗaya daga cikinsu ya ce mini, “Alhaji, da rijiyar ka gyara mana ai da ba mu ga tayil ba ma mun gode.” Ban sami abin ce masa ba. Laifin ba na masu aikin ba ne, nawa ne, domin na gina a kan ji, ban jira gani ba. In an ce aiki na zuwa, ka bari sai ka ga ma'aikacin da jakarsa yana tambayar ɗaki, sa'an nan ka kira magini. Gyaran ɗaki bai fi 'yan makonni ba, ba za ka makara ba.

Saura 'yan abubuwa a taƙaice. In gidan na gado ne, a raba ko a rubuta yarjejeniya gaban shaidu kafin ka sa ko kwabo, domin gidan da ya yi kyau magada ba su mantawa da shi. Ka tabbata takardar filin tana hannunka. Ka yi aikin da rani bayan kaka, lokacin da leburori ba su gona kuma bulo ke bushewa. Ka yi jinga da magini a rubuce, kayan aiki kuwa ka saya da kanka. Kada ka tashi mutane gaba ɗaya, ka gyara ɗaki biyu ko uku tukuna ka sa musu sabon farashi. In an kama su nan da nan, kasuwa ta amsa, sai ka ci gaba. In sun yi wata uku a rufe, ta ba ka amsa ita ma, kuma da araha ka saye ta. Wanda ya daɗe a gidanka yana biya kuwa, ka sanar da shi da wuri, ka sassauta masa, domin ɗan haya mai biya ya fi sabon da ba ka san halinsa ba.

Su mutum ukun nan da suka zo rumfata, na ce kowa ya je ya yi mako biyu yana zagaya unguwarsa ya dawo. Ɗaya ya dawo ya ce ɗaki uku zai fara gyarawa. Ɗaya ya ce sito zai mayar da nasa. Na ukun bai dawo ba tukuna, amma na ji an ce an ga motar yashi a ƙofar gidansa. Allah ya sa ya dace.